Harsashin Gidan Beukes

Duk mai gonar tumaki a kudancin Rehoboth ya san inda ake kai kwanson ƙaramar bindiga. Idan an tashi daga gasar harbi ta bikin coci, mata na kwashe tukwane, maza kuwa su duƙa su tsince kwansunan tagullar nan da suka zube a ƙasa. A cika gwangwanin kofi, a ba duk wanda hanyarsa ta bi ta gidan Beukes. Tun zamanin tsoho Jakobus ake haka. Da ya rasu ba wanda ya tambayi ɗansa Barend ko zai gaji aikin. Gwangwanaye kawai suka ci gaba da zuwa.

Barend kuwa ya karɓa. Shi da ba ya iya zama wuri guda a sha kofi da shi har ƙarshe, sai ga shi yana wuni a rumfar bayan gida. A wanke kwanso, a nuna masa wuta har ya yi laushi, a cusa masa dalma, a matse shi a ƙarfen matsi har bakinsa ya tsuke ya yi tsini. Abin da wani ya harba ya yar sai ya koma sabon kan harsashi, rawaya fes. Idan ka juya gindinsa za ka ga tabon da bindigar farko ta yi masa. Da irinsu tsohon ya yi shekaru yana maganin dilolin da ke cin 'ya'yan tumaki, a tsohuwar bindigarsa wadda kotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu.

Doka ɗaya Jakobus ya bari a kan aikin. "Harsashin gida, bindigar gida. Ko fasto ne ya roƙa, ka ba shi rago, kada ka ba shi wannan."

Barend ya ɗauki maganar a matsayin rowa, domin ubansa mutum ne da ke miƙe tsohuwar ƙusa ya sake bugawa. Shi ya sa ran da Wessel, mijin yayarsa Truida, ya yi ƙorafin tsadar kan harsashi a shagunan Windhoek, Barend ya cika masa gwangwani har baki. Wessel ya ɗura su a kwansunan sabuwar bindigarsa, ya jera a akwati, ya bar wa matarsa bindigar, ya koma aikinsa na ma'adinai a gaɓar teku. Truida ta zauna da 'yarta Mienkie a Rooiput, zangon tumakin da ke can ƙarshen gonar, inda waya ba ta kamawa sai an hau dutse.

Wata safiya Barend na rumfa, hannunsa duk baƙin dalma, sai ga a-kori-kurar Baffa Sarel, ƙanen ubansa. Tsohon ya sauko yana ɗingisa gwiwa, gwangwanin kwanso a hannu ɗaya, doguwar jakar bindiga a ɗayan.

"Maƙerin gidanmu," in ji shi. "Har yanzu kofin naka ruwan wanki ne, ko ka koya?"

"Baffa, wanda ya zo da ƙishi ba ya zaɓen rijiya."

Suka zauna a inuwa, suna tsoma busasshen burodi a kofi. Sarel ya kawo labarin farashin ulu, da na ruwan da ya ƙi zuwa, sannan ya ce, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu, "Makiyayin gonar Mouton ya ga dila jiya da rana tsaka, yana cizon turken shinge. Ya jefe shi da dutse, ko juyowa bai yi ba. Da alama ciwon haukan kare ne ya kama shi. Ya ce yamma ya nufa."

"Yamma ai Rooiput ce."

"Rooiput ce. Amma Truida na da bindiga, kuma ka san ta fi mijinta hannu. Wessel in ya yi saitin tunkiya sai ka ja akuyarka gefe." Ya yi dariya, ya jawo jakar. "Ga tagwayen bindigar tata nan, rana ɗaya muka saya ni da Wessel. Ya ɗura mini harsashi kafin ya tafi, ban ko buɗe ba. Kafa mini kwali in ga abin da na zubar wa kuɗi."

Barend ya je ya jingina kwali a jikin tudun ƙasar da ubansa ke gwaji. Da ya dawo sai ya tarar da Baffa ya buɗe akwatin, ya zaro harsashi ɗaya, ya kai shi dab da idonsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Wannan kan rawaya ne. Na shago ja ne."

"Nawa ne, Baffa. Ni na ba Wessel."

"Kai ka ba shi."

"Ai girmansu ɗaya da na shago. Na auna."

Sarel ya zaro bindigar daga jakarta. Ya ɗura, ya ɗora bindigar a kan murfin mota, ya ce, "Kada ka kalli kwalin. Kalli tsakani." Ya ja kunama.

Ƙarar ta fi ta tsohuwar bindiga kaifi. A tsakiyar fili, tun kafin a kai rabin hanya, wani ɗan hayaƙi toka-toka ya bayyana a iska kamar an hura garin toka daga tafin hannu, ya ɓace. Kwalin na nan tsaye. Ko ƙura ba ta tashi a tudun ba. Sarel ya sake harbawa. Hayaƙin ya sake fitowa a wuri guda.

"Ina harsashin?" Barend ya tambaya, duk da cikinsa ya riga ya ba shi amsa.

"Ga shi can iska na tafiya da shi. Rigar kwanson nan siririya ce, ɗana, kamar ɓawon albasa. Bindigar ubanka tana tura shi a hankali, sai ya isa lafiya. Irin wannan kuwa tana wurga shi da ƙarfin da rigar ba ta ɗauka, sai ta yage tun a hanya. Ni da ubanka muka gano haka muna samari. Bai faɗa maka ba?"

"Cewa ya yi kada in ba kowa."

"Shi ke nan ya faɗa maka ke nan. Jakobus bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba." Sarel ya rufe akwatin. Hannunsa ya tsaya a kan murfin. "Truida tana da wani harsashin ban da wannan?"

Barend ya riga ya shige ɗaki. Ya fito da tsohuwar bindiga, ya cika aljihu, ya bar ƙofar gida a buɗe.

Hanyar Rooiput ba ta da nisa a ido, amma shinge ya yanka ta gida-gida, kowane da ƙyaurensa. A ƙasar nan yaro kan koyi rufe ƙyaure kafin ya koyi gaisuwa. Wanda ya tarar a rufe ya bar shi a rufe, ko gawa ya ɗauko. A na farko Sarel ya sauka, ya kwance sarƙa, mota ta wuce, ya tsaya yana mayarwa a hankali. Barend na kallonsa ta madubi, yana jin kowane motsin tsohon kamar ana zare masa jijiya.

A na biyu ya ce, "Baffa, bar shi."

"Ragunan Mouton za su shiga cikin tumakinku."

"Su shiga."

Sarel ya dube shi, ya saki sarƙar, ya hau. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar ƙyaure. Suna buɗewa su wuce, ƙyauren na lilo a bayansu.

Barend na tuƙi yana lallashin kansa. Wataƙila dilan ya mutu a daji, irinsu ba sa daɗewa. Wataƙila ya bi rafi ya yi kudu. Sai kuma ya ga Truida a ransa, yadda take yi tun suna yara: ba ta gudu. Mace ce da in ta ga abu sai ta tsaya ta gyara ƙafa. Da ba ta da bindiga, da ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki ta sa sakata. Bindigar ce za ta fito da ita fili. Za ta bar shi ya matso, domin ta san hannunta, ta ja kunama, abin ya ci gaba da tahowa.

"Rage gudu," in ji Sarel. "In ka kifar da mu a yashin nan ba mai zuwa."

Bai rage ba.

Tun daga kan tudu suka ga tumakin a warwatse, wasu a jikin shinge, wasu can cikin ƙaya, ba kare a bayansu. Famfon iska mai jawo ruwa na juyawa a hankali yana kukan ƙarfe. Ƙofar ɗan gidan kwanon a buɗe take. Barend ya kashe mota. Shiru ya rufe su, sai ƙiii, ƙiii na famfon.

A gaban garke ya ga kwansuna na ƙyalli a ƙasa, sababbi, a jere, kowane a bayan ɗan'uwansa, kamar sawun mai ja da baya. Kusa da na ƙarshe takalmin Mienkie ne, ƙafa ɗaya.

Barend ya buɗe baki zai kira.

"Sama," in ji Sarel a hankali. "Dubi sama."

Truida na kan tsanin famfon, ta yi nisa da ƙasa. Hannu ɗaya ta saƙale a ƙarfe, ɗayan ta rungume yarinyar a ƙirji. Fukafukan famfon na wucewa bisa kanta. Rana ta ƙona mata fuska, gashinta ya manne da gumi. Sabuwar bindigar na yashe a gindin tsanin. Ta gan su, ba ta ɗaga murya ba, sai ta nuna ƙasa da haɓa.

Dilan na kwance a inuwar kwamin ruwa. Ƙarami ne, ramamme, bayansa baƙi. Ya kama bututun ƙarfe da haƙora yana gurgura, yawu na zuba har ƙirjinsa. Duk dilan da Barend ya taɓa gani, ƙarar mota kaɗai ta isa ta sa ya zama ƙura. Wannan ko kunne bai motsa ba.

"Daga nan ba zai yiwu ba," in ji Sarel. "Tsanin na bayansa, kuma kwamin ya tare rabinsa. Sai ka sauka ka zaga. Da idona na da ne da ni zan je." Ya riƙe masa hannun riga. "Kada ka harbi kansa. Malamin dabbobi zai nemi kan don gwaji. Ƙirji."

Barend ya sauka. Ya ɗura harsashi, sai ya tsinci kansa yana kallon kan rawayan kafin ya tura shi ciki. Hannunsa ne ya yi shi. Wace rana? Ran da yake sauri zai tafi gari? Ran da hankalinsa ke wani wuri? Tun safe ya ga aikin hannunsa ya zama hayaƙi har sau biyu, yanzu kuma shi zai jingina ransa da irinsa.

Ya fara zagawa ta gefen garke, yana taka ƙasa a hankali. Daga sama muryar Mienkie ta sauko, siririya, a dishe.

"Kawu."

Dilan ya saki bututun. Ya ɗago kai, ya juya shi gefe kamar mai sauraron abu daga nesa, ya miƙe. Ƙafar baya ɗaya na jan ƙasa. Bai yi gurnani ba, bai yi gudu ba. Ya nufo Barend da ɗan sassarfa, kai a ƙasa, baki a buɗe, kamar karen gida da aka kira cin abinci. Wannan natsuwar ce ta fi komai tayar da tsikar jiki.

Barend ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Bakin bindiga na rawa, yana zana da'ira a kan dabbar. Ya ji Truida ta ce, ba da ƙarfi ba, "Numfasa, auta. Bar shi ya wuce kwamin."

Ya numfasa. Dilan ya wuce kwamin. Har ana ganin ƙudaje a gefen idonsa. Barend ya ja kunama.

Tsohuwar bindiga ta yi tarinta da ya saba ji tun yana goye. Dilan ya zauna a kan gindinsa, ya faɗi gefe, ƙafafunsa suka yi ta tuƙa iska, sannan suka tsaya. Barend ya ɗura wani, ya ci gaba da saiti a kansa, bai iya sauke bindigar ba sai da Sarel ya zo ya danna bakinta ƙasa.

Da ƙyar Truida ta sauko, domin hannun da ta saƙale ya sandare. Barend ya karɓi yarinyar, ya juya ta gaba da baya, ya duba ƙafafu, hannuwa, wuya, har cikin gashi. Ba ko ƙwarzane.

"Ba abin da ya taɓa ta," in ji Truida. "Kun yi kyan kai. Saura kaɗan in fara tunanin yadda ake kwana a tsani." Ta yi ƙoƙarin murmushi. "Auta, hannuna ya lalace. Tsakiyar ƙirji na sa masa, ba sau ɗaya ba. Ko gashinsa bai motsa ba. Har na fara cewa wannan ba dila ba ne, wani abu ne ya ari fatarsa."

Barend na shirin magana sai idonsa ya sauka a ƙafarta. Safar hagu ta yi baƙi ta manne, daga ƙwauri har cikin takalmi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Wayar shinge ce. Garin gudu."

"Ba waya ba ce," in ji Mienkie, tana shan ruwa daga gorar Sarel. "Da Mama ta ɗora ni a tsani sai dilan ya ja ƙafarta. Karenmu Vlooi ya cije shi sai ya saki."

Truida ta kalli 'yarta, ta kalli ƙasa. Can ta ce, "Ba na so ta ji tsoro ne."

Sarel ya shiga ɗaki ya fito da sabulun wanki. Suka zaunar da ita a bakin famfo, nesa da inda yawun ya zuba, suka yanke safar. Huda biyu ne a bayan ƙwauri da wata tsaga a gefe. Ba su da girma. Barend ya san mutumin da ƙaramin cizo irin wannan ya kashe a wata gona, wanda a ƙarshe ganin kofin ruwa kaɗai ke sa shi shiɗewa, har aka ɗaure shi a gado. Ya goga sabulu, ya sake ruwa, ya sake gogawa. Truida ta cije leɓe. Ya yi ta wankewa har kumfa ta yi tafki a ƙasa.

"Ci gaba," in ji Sarel. "In ka ga ka gaji, to yanzu ka fara."

Yana wankin, kansa a sunkuye, ya ce, "Hannunki lafiya lau yake, Yaya. Harsashin ne. Nawa ne, na rumfa. A bindigar Wessel ba ya isa ko'ina, a iska yake watsewa."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

"Abin da Baba ya hana."

"Shi."

"Na ɗauka rowa ce," in ji ta.

"Ni ma."

"To wanke. Maganar ta jira."

Sarel ya sa buhu biyu ya naɗe dilan ba tare da ya taɓa shi da hannu ba, ya jefa a bayan mota. Suka bi ƙyauren nan da suka bari a buɗe ba tsayawa, suka hau kwalta. Mienkie ta yi barci a cinyar tsohon. Barend na satar kallon yayarsa duk bayan ɗan lokaci, ko za ta haɗiye yawu da wahala, ko idonta zai sauya, alhali ya san ciwon ba ya nuna kansa a rana ɗaya. Abin da ke cin ransa shi ne kada su isa asibiti a ce allurar rigakafin ta ƙare, sai Windhoek.

A asibitin gari wata nas mai furfura ta duba ƙafar, ta tambayi yaushe.

"Yau da hantsi."

"Wa ya wanke?"

"Ƙanena."

"Ya wanku." Ta buɗe firji, ta duba, ta fito da 'yan kwalabe. Sai a lokacin Barend ya zauna a benci. "Kun zo a kan kari. Allurar da zan yi a bakin ciwon tana da zafi, kada ki zage ni. Sauran kuma ranakun da na ce ki dawo, ki dawo, ko tumakinki na haihuwa."

"Za ta warke?" Barend ya tambaya.

"Wanda ya zo yau-yau ya kuma cika alluransa, ban taɓa rasa shi ba. Fita waje, kana tare mini haske."

Da aka gama ya shiga. Truida na kwance, ƙafa a kan matashi, fuskarta ta faɗa. Sarel ya tafi kai buhun wurin malamin dabbobi, ya ɗauki Mienkie don ya saya mata abin sha.

"Wa kuma ka ba?" ta tambaya.

"Wessel kaɗai. Shi ya ɗura wa Baffa."

"Ka kwashe na akwatina duka kafin ya dawo. Kuma ka rufe wa mutane ƙyaurensu, ka tsaya gidan Mouton ka ba da haƙuri da bakinka."

"To, Yaya."

Ya juya zai fita, ta kira shi. Wannan karon ba ta kalle shi ba, silin take kallo.

"Vlooi na ƙarƙashin tankin ruwa. Na ga shigarsa daga sama. Ya sha cizo a fuska da wuya, kuma bana ba a yi masa allura ba, motar masu allurar ba ta iso mu ba." Ta gyara ƙafarta a kan matashi. "In ka kira shi zai fito yana kaɗa wutsiya. Kada ka bari ya lashe ka. Kada kuma ka bari yarinyar ta sani sai na faɗa mata da kaina."

Barend ya tsaya riƙe da ƙofa.

"Da bindigar Baba za ka harbe shi," in ji Truida. "Ka matsa kusa. Sau ɗaya."

Ya fita. Rana ta fara karkata, amma da sauran haske mai yawa. Tsohuwar bindiga na bayan kujera inda ya ajiye ta. Ya zauna a mota, ya sa hannu a aljihu don neman makulli, yatsunsa suka ci karo da sauran harsasan, sun ɗauki ɗumin jikinsa. Ya daɗe a haka kafin ya tayar da injin, ya kama hanyar Rooiput.